Sunan da Ba a Kira a Gidan Na'Allah

Illela, watan Sha'aban, 1346

Takarda daga hannun Na'Allah na Illela, wanda ya tashi ba uba tun shekarar da Nasara sunka shiga Sakkwato. Wanda ya ɗauko kayan ɗan sarauta a kai har ƙofar makarantar boko, ya tsaya bakin taga shina saurare har Bature ya gaji ya ce a ba shi allo. Wanda ya yi shekara huɗu can ba wanda ya aiko mai da ko ƙullin gari. Wanda ya fara fataucin fata da jaki ɗaya gurgu, yau raƙuma ke kai mai kaya Kano. Wanda ya yi soro na farko a unguwarsu, ya gina rijiya ƙofar gida, har Faransawan Ƙonni na ɗaga mai hannu in ya ƙetare iyaka. Duk wannan ba da taimakon kowa ba, sai na Allah.

Zuwa ga yayata Tasalla, a Fagge ta Kano. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga babba, ina gaida maigidanki Malam Mukhtari da ɗiya duka. In kun tambaye mu, muna nan cikin rufin asiri. Ya ƙarin haƙurinmu na Inna? Allah shi kai haske kabarinta.

Bayan haka, ga fatu nan na aiko ta hannun Madugu, jar akuya ce zalla, shanyar inuwa, ba ko ɗaya mai huda. Ki ce ma Malam kada shi bari akawun kamfani shi raina su. Bana gero ya yi kyau wajen Tozai, Gidan Katta kuwa fara ta taɓa su kaɗan. Kawu Idi shina can Kalmalo bakin tabki, shina kamun kifinai, bakinai bai mutu ba.

Sai wata 'yar magana, ba babba ba ce.

Yaron nan ba shi da lafiya. Ko kuwa in ce lafiyar jiki akwai, shi ne dai ba shi nan. Ba zazzaɓi, ba tari, ba gudawa. Abinci in an kai mai, sai ƙuda su ci su bar saura. Ya bar dariya, ya bar fita wurin tsara nai. Shina zaune jingine da bango, ido ga ƙasa, tun hantsi har inuwa ta juya ta bar shi cikin rana, bai ko gusawa. In an ce mi ke damunka, sai shi ce ba komi. Uwar Halliru ta rasa inda za ta sa kanta, tana daka tana sharar ido, wai hayaƙi ne, alhali ba a ko hura wuta ba.

Ni ban san irin wanga ciwo ba. Ciwon da na sani shi ne wanda ake nuna wurinai da yatsa. Na ji an ce kasuwar Kurmi ba maganin da babu. In akwai abin da ke buɗe ciki, shi sa mutum shi so abinci, ki nemo ki ba Madugu in za shi juyo. Kin san ban saba roƙo ba, wannan ma ba roƙo ba ne, saƙo ne.

Allah shi sada mu da alheri. Wassalam.

* * *

Fagge, Kano, bayan Ƙaramar Salla

Daga Tasalla zuwa ga ƙanena Na'Allah. Gaisuwa da fatan kun sha ruwa lafiya, kun yi Salla lafiya. Mu ma nan kalau, sai ƙafata da ke taɓa ni in na daɗe tsugune.

Takardarka ta iso. Malamin da ke karanta mini, wani Bakano ne maƙwabcinmu, sai da ya tsaya ya sha ruwa kafin ya kai ga gaisuwa, saboda tsawon soro da zurfin rijiya. Ya ce, “Iya, wannan ƙanen naki sarki ne?” Na ce a'a, mai jaki ne. Jakin nan gurgu kuwa na san turken da aka kwanto shi, amma a bar kaza cikin gashinta. Allah ya ƙara arziki, ɗan Inna.

Fatu sun iso, Malam ya yaba.

Maganar Halliru kuwa, kada ka tashi hankalinka. Yaro ɗan shekara huɗu in ya ga an sauke shi daga baya an ɗora wani, haka yake yi. Ƙyashin goyo ne kawai. Nawa na uku sai da ya yi wata biyu yana gaba da tuwo. Ga zuma nan cikin ɗan tulu, ga tazargade, ga sassaƙe a ƙulle. A jiƙa sassaƙen a ba shi da safe, zumar a riƙa lasa masa. Ka ce wa matarka Hadijatu ta riƙa ɗora shi a cinya ko sau ɗaya a yini, ta bar jaririn ya yi kukansa, ba ya narkewa. Ta daina kuka a kan turmi, kada ta jiƙa mana gari.

To, ina labarin mijin Inna? Ina Maharazu? Ba ka ce mini komai a kansa ba, na kuwa san ba za ka ce ba. Yana can Kalmalo wurin Kawu Idi ko? Yanzu ai ya kai sha biyar, na san ya iya hawan gora ya shiga tsakiyar tabki. Duk cikinmu yaron nan shi aka yi wa mutuwa. Tun ranar da aka yaye shi yake gindin Inna, ita ce uwarsa, ita ce abokiyar faɗansa. Ina tuna zuwana na ƙarshe, tun asuba ake jin ta: “Maharazu, mijin banza, tashi! Wane irin miji ne ba cefane sai minshari?” Shi kuma ya ce, “Na sake ki, tsohuwa, ki tafi gidanku.” In mai zuwa Kalmalo ya samu, a ce gwaggonsa ta Kano tana gaishe shi, a ba shi hular nan da na sa cikin kayan.

Sai na ji daga gare ka.

* * *

Illela, watan Bawa na tsakanin Salloli biyu, ana tsakiyar bazara

Daga Na'Allah zuwa ga Yaya Tasalla. Gaisuwa mai yawa. Allah shi sawwaƙe ciwon ƙafa. Muna nan, zafi ya yi zafi, rijiyata ce kaɗai ba ta ƙafe ba a unguwa.

Yaya, wata biyu da kwanaki na yi ina duban hanyar Madugu, sai ga zuma da maganin goyo. Halliru lafiyatai lau, kamar ɗan maraƙi, shi ya lashe zumar har ya fasa tulun. Ba shi nake nufi ba. Babban nake nufi. Wanda kika tambaya a ƙarshen takardarki. Kin san ɗan farina ne, ba ni da bakin kama suna nai, abin da ba ni faɗi kuwa ba ni rubutawa. Na ɗauka in na ce yaron nan, kin gane.

Ba shi Kalmalo. Ranar sadakar arba'in ta Inna na ɗauko shi. Kawu Idi ya ce a bar mai shi, na ce ɗan Na'Allah ba ya ƙarewa da ƙarnin kifi. Na gyara mai ɗaki kusa da zaure, da gado na kara sabo, da buzu, da fitilar kwalba irin ta Ƙonni. Tun ranar da ya shigo gidan nan yake dusashewa kamar baƙin zanen da anka bari a rana.

Kada ki ce na zauna. Na ɗinka mai riga mai aiki. Na ba shi jaki nasa na kansa, ba gurgu ba. Na sa shi rumfar fatu shi koyi gane mai kyau da mai huda, sai a iske shi riƙe da fata guda tun safe, shina shafa gashin. Liman ya yi mai rubutu ya sha, ya sha kuwa, ba gardama, don ba ya gardamar komi. Na hau da shi har Sakkwato wurin likitan Turawa, ya sa mai abin saurare ga ƙirji, ya duba ido da harshe, ya ce bai ga ciwo ba. Na fassara ma kaina Turancin da kaina, ba tafinta, amma da na ji da ban ji ba duk ɗaya.

Sai na ce wataƙila daɗi ya yi mai yawa, bai san yadda anka samu ba. Ba ni iya zaunar da shi gabana, kin san wannan. Sai na kira Madugu zaure, na sa anka ce yaron shi kawo muna buta. Da ya shigo na ɗaga murya, kamar da Madugu nake. Na ce, “Madugu, ni ina kamar shekarun wasu, da ƙafa na je Sakkwato, kaya ga kai, ƙaya ga ƙafa. Uba ya bi masu hijira gabas bai dawo ba, wa ya ga na zauna jingine da bango? Namiji ba ya zama ciwon da ba a gani shi kashe shi.”

Madugu ya ce, “Hakanan ne, Malam.”

Yaron shina tsaye da buta har na ƙare. Ya durƙusa ya aje ta, ya ce, “Allah shi ƙara girma.” Ya fita. Ran nan ko furar da yake ɗan kurɓa bai taɓa ba.

Yanzu wata sabuwa ta fito. Sai a neme shi a rasa, sai mutanen Kalmalo su ce sun gan shi bakin tabki, wajen inda Inna ke wanki, shina kallon ruwa. Maƙwabta sun fara magana. Wasu na cewa mutanen ruwa sun shafe shi, a kira masu girkar bori. Na ce ba a gidana ba. Wani dattijo ya ce, “Malam Na'Allah, tun bai fara duka ba a sa mai marin ƙarfe ga ƙafa, a ɗaure ga turu.” Na ce wa zai daka, wanda ko ƙuda ba ya korewa?

Uwatai kuwa kin san ta fi ni kunya tai. Ita ta haife shi, amma in ya shigo tsakar gida sai ta juya baya. Tana dama fura yadda Inna ke yi, ta aje bakin ƙofa tai, ta buga ƙwarya da ludayi, ta gudu.

Na ba shi hular. Na aika anka ce daga Kano. Ya riƙe ta ya daɗe.

Yaya, na auna fata da ido na faɗi nauyinta ban kuskure ba. Na yi ciniki da Bature biyu, na nan da na ƙetare, ba wanda ya cuce ni. Wannan na rasa kanta. Mi ake yi?

* * *

Fagge, Kano, bayan Sallar Layya

Daga Tasalla zuwa ga Na'Allah. Ina gaishe ku, ina yi muku barka da Salla. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, Madugu ya ce gobe za su tashi, kuma wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe kafin ruwa ya rufe hanya.

Innalillahi. Da malam ya kai inda ka ce babban, sai da na dafe ƙirji. Wata biyu yaron yana narkewa ni ina nan ina ƙulla maganin goyo! Kunyarka ta ci mu wata biyu, Na'Allah, Allah ya sa iyakar abin da za ta ci ke nan.

Ina da tambaya ɗaya, ka amsa wa kanka. Tun ranar da ka ɗauko shi daga Kalmalo, wa ya kira shi da sunansa a gidan nan? Kai ba ka kira. Hadijatu ba ta kira. Ƙannensa Yaya suke cewa. Barorinka ɗan maigida suke cewa. Yaron da ake kwala wa kira tun asuba har a kwanta, a zage shi, a yi masa kirari, a aike shi, a ce ya dawo, ka kawo shi gidan da kowa ke kauda kai in ya wuce. Ka ba shi gado da fitila. Gado kira yake yi?

Kada ka ce mini al'ada. Ni ce 'yar farin Inna, na fi ka sanin ɗanɗanonta. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Tasalla ba, “ke” ce ni, ko “waccan”. Amma ba a gabanta na tashi ba. Gwaggo aka ba ni, a can ake kirana har in gaji. Mutanen dauri ba wawaye ba ne. Da suka ce kada uwa da uba su kama sunan ɗan fari, ai sun ce kuma a miƙa shi ga wanda zai kama. Abin nan ƙafa biyu gare shi. Kai ka riƙe ɗaya ka sare ɗaya, kana mamakin ya faɗi.

Kuma wannan wa'azin da ka yi wa buta, kada ka ƙara. Kai da Baba ya tafi, Inna na nan tana kiranka. Shi wa ya rage masa?

Ga abin da na sani, ba magani ba ne, ba a sayar da shi a Kurmi. Ka bar shi ya yi kukan Inna, kada kowa ya ce masa namiji ne. Ka zauna inda yake zaune ko ba za ka ce komai ba. Ka sa a kawo muku tuwo akushi ɗaya. In ya yi magana ka saurara, kada ka ba shi labarin ƙaya. Kada a bar shi ya je bakin ruwan nan shi kaɗai, wannan da babbar murya nake faɗa. Mari kuwa, duk wanda ya ƙara kawo maganarsa, a sa masa shi.

Sannan ka kira shi. Sau ɗaya, a cikin ɗaki, ba wanda zai ji balle a ce Na'Allah ya yi rashin kunya. Ga shi na sa malam ya rubuta maka don idonka ya saba: Maharazu. Maharazu. Maharazu. Ka gani, takarda ba ta ƙone ba.

In kuwa ba ka iyawa, ka ba ni shi. Ina da baki, ba abin da nake yi da shi sai faɗa da masu tallan itace.

Ka amsa mini ko ta hannun wa.

* * *

Fagge, Kano, watan Takutaha

Na'Allah, gaisuwa. Wata uku ke nan ba takarda. Na san damina ce, raƙuma ba sa tafiya, amma mutane na tafiya. Wannan ma wani mai komawa Gwadabawa na roƙa ya ratsa ya kawo maka. Kullum in na ji sallamar baƙo a zaure sai in leƙa in ga ko daga Illela yake. In fushi kake da maganata, ka yi fushinka, ni yayarka ce, duk zuwan da na yi gida na goye ka ka yi mini fitsari a baya. Amma ka gaya mini yaron yana raye. Kalma ɗaya ta isa.

* * *

Illela, da kaka, ana yankan gero

Daga Na'Allah zuwa ga Yaya Tasalla. Gaisuwa. Shina raye. Shi ne ma zai miƙa miki wagga takarda da hannunai.

Takardunki biyu sun same ni. Ta farkon na karanta har inda kika ce in ba ka iyawa, sai na naɗe ta na tura ƙarƙashin buzu. Ni za a ce ma ba ka iyawa? Mutane sun tafi Kano cikin damina, na gan su, ban ba su komi ba. Na ce sai na warkar da shi da kaina, sannan in rubuto miki.

Ran wata kasuwa, tabki ya cika har ya taɓa gonaki, ina rumfa ina duba fatu da hantsi, sai na ji muryar Kawu Idi tun daga bakin hanya: “Ina mai soro? Fito ka amshi kayanka!” Na fito. Ga yaron bisa jaki, an lulluɓe shi da gwadon Kawu, rigar nan mai aiki tana ɗigar ruwa.

Kawu ya ja ni gefe. Tunda nake ban taɓa ganin shi ba wasa a baki ba sai ran nan. Ya ce shina bisa gora can tsakiya, sai ya hangi mutum ya shigo ruwa da riga, shina tafiya kamar mai zuwa masallaci. Ruwa ga gwiwa, ruwa ga ƙirji, ruwa ga wuya. Ya ce, “Yaron da ni na koya ma iyo, Na'Allah, amma ko hannu bai ɗaga ba. Na yi nisa, ko na yi fiffike ba ni cim mai. Sai nib buɗe baki nik kira shi, irin kiran da tsohuwa ka yi mai. Sai yat tsaya. Yaj juyo.”

Na ce, ya yi magana?

Ya ce, “Da nij jawo shi gaɓa, yac ce, Kaka, ashe da sauran mai tuna shi. Nic ce mi? Yac ce sunan.” Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Kai dai ka gina rijiya, ɗanka na mutuwa da ƙishi.”

Tsoro ya kama ni, Yaya, ni da ban ji tsoron sojan Faransi ba. Dattawa sunka taru, sunka ce yau ruwa, gobe rijiya, ga ta ƙofar gida. Na aika anka kira maƙeri. Ya zo da marin. Ba wanda ya riƙe yaron. Da ya ga ƙarfen, sai ya zauna ƙasa, ya janye wando, ya miƙa ƙafa da kansa. Ƙafar kamar sillen kara. Uwatai na bayan zana, na ji ta yi wani sauti da ban taɓa ji ba. Na ce ma maƙeri ya kwashe kayanai. Na sa anka rufe rijiyar da itace, unguwa duka na zuwa wani wuri ɗibar ruwa, suna zagina, su zaga.

Sannan na ɗaga buzu na ɗauko takardarki, na karanta ta har ƙarshe.

Na yi abin da kika ce. Na shiga ɗakinai da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, ya zabura zai fita ya ba ni wuri, na yi mai hannu ya zauna. Anka kawo tuwo akushi ɗaya. Mun zauna. Na sa hannu, ya daɗe, ya sa. Ya ci kaɗan. Na ce a raina yanzu ne. Ba kowa, ƙofa a rufe. Na dube shi, ya ɗago ido, shina jira, wallahi shina jira, ya san abin da na zo yi. Na buɗe baki. Harafin farko ya fito. Sai na ji bakina ya ce madalla. Ya sunkuyar da kai ya wanke hannu.

Na koma washegari, na koma jibi, har na bar ƙidaya. Tuwon shina ɗan ci in ina wurin. Sunan kuwa ya ƙi fitowa. Shekara goma sha biyar ina hana harshena, yanzu na sake shi ya ƙi tafiya. Uwatai ta gwada, ta kai bakin ƙofa, sai kuka. Ta ce, “Malam, a kai shi inda za a kira shi. Gara in ji labari shina amsawa a Kano da in gan shi nan shiru.”

Kawu ya ce a maida mai shi. Amma gidan Kawu bakin ruwa yake.

Ban san yadda zan tambaye shi ko shina son zuwa Kano ba, sai na manta takardarki bisa gadonai da gangan. Inna ta sa shi allo, shina karanta ajami sarai. Da na dawo na iske ya aza yatsa bisa inda malaminki ya jera sunan. Bai ɗago ba ya ce, “Za ni wurin Gwaggo.” Ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Takardar tana cikin hular da kika aiko, hular na bisa kansa.

Gobe za su tashi. Na ba Madugu amana, kada shi bar shi baya, kada shi bar shi shi kaɗai a mashaya. Na ce shi riƙa kiran shi ko ba dalili. Ba ni ce miki ya warke ba. Ban san ko shina warkewa ba. Wata rana shi ci, wata rana shi juya ma bango. Fura yake so mai tsami, ba yaji. In ya yi shiru kada a tsare shi da tambaya, a dai zauna. Na ji an ce Kano ta cika kududdufi. Ki sa ido, Yaya. Ki sa ido.

Wagga takarda ban ɗaure ta da zare ba, ban liƙe ta ba. Hanya da nisa. In ya buɗe, ya buɗe.

Saura magana ɗaya, ita kuwa ba saƙo ba ce, umurni ne, ki faɗa ma Malam Mukhtari. Aro na ba ku. In an kai shi makaranta, ko kamfani sunka ɗauke shi aikin fatu, ko malamin unguwa ya zo rubuta mutanen gida, kada in ji an rubuta shi ɗan Mukhtari, ko ɗan Tasalla, ko yaron gidan wane. Shina da uba. Uban bai iya kira ba, amma ya iya rubutu, ba wanda ya koya mai sai taga. A rubuta kamar yadda zan rubuta nan, nasa gaba, nawa biye, kada a rage ko wasali:

Maharazu ɗan Na'Allah na Illela.

A rubuta nawa kusa da nasa, Yaya. A rubuta shi da manyan baƙaƙe.